Baƙon da Ba a Miƙa Ba

Kwari, 8 ga Yuli

Zuwa ga Goggo Tereze,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan bayanki ya yi sauƙi. Mama na gaishe ki. Kaka bai ce a gaishe ki ba, amma ya ce in tambaya ko zumar da ya aiko ta iso, kin dai san gaisuwarsa ke nan.

Kin ce in riƙa rubuto miki don hannuna ya saba kafin makaranta. Ban san me zan rubuta ba. Hawa nake yi ina saukowa.

Baƙi sun yi yawa bana. Jiya goma sha ɗaya suka kwana. Mama ta ba su ɗakina, ni ina kwana a rumfar ciyawa. Wasu ruwan da ke zubowa daga dutse suke zuwa gani, su faɗa ciki su fito suna ihu, jikinsu ja zur saboda sanyi. Amma yawancinsu tsallake tsauni suke so, zuwa kwarin da ke baya.

Kin san dokar Kaka. Duk wanda ya ci burodin gidan nan baƙonmu ne, yana hannunmu har sai an raka shi iyakar ƙasarmu an miƙa shi ga wani. Da Baba ke yi kafin ya tafi aiki ƙasar Girka. Bara Kaka ya yi da kansa har gwiwarsa ta ƙi. Bana ni ce. Ina kai su Farin Dutse, hawan awa ɗaya da rabi, in tsaya in kira Zef a bukkarsa ta tumaki, in ce, “Zef, ga baƙinmu!” Shi kuma ya ce, “Na karɓa!” Sai na ji haka nake juyowa. Masu komawa birni ba su da wuya, gada ce iyaka, minti goma. Sai dai Bardok direba ba ya amsawa da baki, hon yake dannawa. Saboda haka Kaka ya daina yi masa magana tun bara.

Kiran ne ya fi mini wuya. Muryata ba ta fita. Ranar farko sau huɗu na kira, Zef na zaune ina kallonsa, ya sa hannu a kunne yana cewa, “Wane sauro ne ke kuka a kan dutsen nan?” Baƙin suka yi ta dariya, wata ma ta ɗauke ni hoto.

Kuma ba sa tashi tare. Wasu ƙarfe shida, wasu tara, wasu sai sun ci abincin rana. Shekaranjiya sau uku na hau. Suna da sanduna bibbiyu da takalma masu kauri, suna tsayawa a kan kowane fure su tambaye ni sunansa. Ni ban san sunansa ba, fure ne. Rakiyar ma ba so suke ba. Wani ya nuna mini wayarsa, ya ce hanyar na ciki, in koma gida. Sai na bi shi daga nesa kamar karen da aka kora.

Goggo, da gaske an rubuta sunana a makarantar? Ki sake faɗa mini ranar. Ita nake tunawa in na kai wurin da hawan ya fi tsanani.

Na gaji, zan tsaya nan. Allah ya bar mana ke.

’Yarki,
Mrika

*

Shkodra, 14 ga Yuli

Mrika ’yar akuyata,

Na gaishe ki, na gaida uwarki, na gaida tsohon nan ko da bai amsa ba. Zuma ta iso, ki ce masa rabinta kaki ne.

An rubuta sunanki, da idona na gani. Ranar goma sha biyar ga Satumba, ƙarfe takwas. Shugabar ta ce wanda bai zo a makon farko ba za a ba wani gurbinsa, don masu jira sun fi kujeru yawa. Na share miki ɗakin ɗinki, na matsar da keke. Tagar na kallon bangon maƙwabta, ba tsauni ko ɗaya, na san za ki gode mini.

Maganar rakiya kuwa, ki karanta wa Kakanki wannan da ƙarfi, kada ki haɗiye rabi yadda kika saba: Baba, a zamaninka baƙo ɗaya ke zuwa a wata, da ƙafa, yana tsoron a tare shi a hanya. Waɗannan motar Bardok ce ke juye su kamar buhunan dankali. Wanda ya zaɓi gadonsa tun daga ƙasarsu ba baƙo ba ne, mai ciniki ne. In kuma burodi ne matsalar, a daina ba su burodi, a ba su taliya.

Ki riƙa jiƙa ƙafarki a ruwan gishiri. Na ba Bardok safa biyu da man shafawa, ki duba, kada ya ce ya manta.

Goggonki,
Tereze

*

Kwari, 11 ga Agusta

Zuwa ga Goggo Tereze,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi. Safa sun iso, ɗaya har ta huje. Na karanta wa Kaka saƙonki. Ya ce, “Ki ce mata taliyar ma da garin hatsinmu za a yi.”

Goggo, wani abu ya faru.

Ranar Laraba ta makon jiya wani tsoho ya zo shi kaɗai. Dogo ne, gashinsa fari, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Tsuntsaye yake kallo. Yana yi musu fito, su kuma su amsa. Ba mu san sunansa ba, Mama ba ta rubuta suna, sai muka riƙa ce masa Mai Tsuntsaye. Kaka ya so shi. Ya zaunar da shi kusa da shi, ya gutsura masa burodin masara da hannunsa, ya ba shi cuku da zuma. Ba mai jin harshen wani, amma sun daɗe suna hira. Ya zana tsauni a takarda, ya ja kibiya ta samansa, wato gobe zai tsallaka. Kaka ya nuna ni, ya nuna hanya.

Ni ina bakin ƙofa ƙafata cikin kwanon ruwan gishiri, don ranar sau uku na hau. Tsohon ya leƙa kwanon, ya daɗe yana kallo, ya faɗi wata magana yana girgiza kai. Na ji kunya, na rufe ƙafar da siket.

Da gari ya waye babu shi. Ya gyara gado, ya ninke bargo.

Kaka ya ce in ruga. Na hau Farin Dutse da gudu, na kira Zef. Wannan karon bai yi mini wasan sauro ba. Ya ce tun asuba yana waje yana tatsa, ba wanda ya wuce. Na dawo na faɗa wa Kaka. Ya zauna a kan kututture. Can ya ce, “To yana ƙasarmu.”

Kwana uku maza suna nema. Sun duba kwazazzabo, sun duba bakin ruwa, sun sauka da igiya ƙarƙashin dutsen da akuyarmu ta faɗa. Ba hula, ba sanda, ba komai. Zef ya ce wataƙila ya bi ta bayan bukka lokacin da kansa ke ƙarƙashin tunkiya. Kaka ya ce “wataƙila” ba amsa ba ce.

Tun ranar ya kifa kofin gahawarsa a kan tebur, ba ya bari a taɓa. Ba ya aski. Ba ya zama a kujerarsa ta kan tebur, bakin murhu yake cin abinci kamar ɗan aiki. Ranar Lahadi bayan coci maza suka kira shi inuwa, ya ce shi ba ya zama da maza yanzu, mutumin da ya yar da baƙonsa ne.

Sauran baƙin kuwa ba su fasa zuwa ba. Yau wasu samari shida suna tambayar inda ake hayar doki. Mama ta ce in kai su ruwa da yamma. Na kai su.

Ko za ki tambaya a can? Ai duk ta garinku suke fita.

Ki sa mu a addu’a.

’Yarki,
Mrika

*

Kwari, 22 ga Agusta

A yabi sunan Yesu Almasihu.

Daga Marash, mai wannan gida, zuwa ga ’yarsa Tereze. Ina fatan kina lafiya, ke da rufin da ke kanki. Jikata ke rubutawa, ni ke faɗa.

Na ji saƙonki ta bakin uwar yarinya, cewa kin je wurin ’yan sanda sun ce ba wanda aka kawo ƙarar ɓatansa. Na gode da wahala. Amma ’yan sanda ba su gutsura masa burodi ba. Ni na gutsura.

Ubana ya raka baƙo cikin ƙanƙara har yatsunsa biyu suka mutu. Kin san hannun, ya shafa kanki da shi. Ba a taɓa cewa wani ya shiga gidan nan ya fita ba a san hannun da ya karɓe shi ba. Yanzu an ce.

Saboda haka ga maganata. Muddin baƙon nan na hannunmu, ba mai barin gidan nan ya tafi wani gari ya zauna. Ba don yarinya ta yi laifi ba, barci take yi kamar kowa. Gida ne ke da nauyi a kansa, ita kuma ’yar gida ce. In kujerar makaranta ta wuce bana, akwai baɗi.

Kada ki aiko mini da dogon surutu, idon yarinya na gajiya.

Ubanki,
Marash

Goggo, ni ce. Ya fita, ina ƙara wannan a ƙasa, kada ki ambata a amsarki.

Ba barci nake yi ba. Na ji ƙarar ƙyaure da asuba, na leƙa ta tsagar katako, na gan shi da jakarsa yana rufe ƙofa a hankali. Ya ɗaga kai ya kalli rumfar. Na san aikina in sauka. Ƙafata na zafi, ciyawar da ɗumi. Na ce a raina, wannan ɗaya dai ya tafi da kansa. Na juya na rufe ido. Ban ga ko ina ya bi ba, itatuwa sun kare mararrabar hanyar tsauni da ta gada.

Da nake rubuta “barci take yi kamar kowa” na san ba gaskiya nake rubutawa ba. In yana kwance a wani rami, ni ce. Ban iya cin abinci sosai. Ban faɗa wa kowa ba sai ke.

*

Shkodra, 27 ga Agusta

Mrika,

Wannan taki ce ke kaɗai, ki karanta a rumfa.

Na karanta, na zauna, na sake karantawa. Yarinya mai shekara goma sha biyar ta yi barci bayan ta hau tsauni sau uku. In wannan zunubi ne, to limamin coci zai sha hutu.

Na zaga masaukai bakwai ina tambayar tsoho mai yi wa tsuntsu fito. A ɗaya ma aka ɗauka miji nake nema. Ba wanda ya tuna shi. Su a wurinsu duk tsofaffin baƙin nan kamarsu ɗaya.

Ba zan ce ki faɗa wa Kakanki ba, ba zan ce kada ki faɗa ba. Na san shi shekara hamsin, har yau ban san ta inda zai ɓullo ba. Abin da na sani, sauran kwana goma sha tara, kuma ba zan mayar da keken ɗinki ɗakin nan ba.

Ki ci abinci. Wannan umarni ne.

Goggonki

*

Kwari, 5 ga Satumba

Zuwa ga Goggo Tereze,

Ina gaishe ki. Wannan za ta yi tsawo, ki yi haƙuri.

Ranar Litinin na raka wasu mata biyu gada. Bardok na ɗaure kaya a kan mota yana mita, kin san shi. Ɗaya daga cikin matan ta ce ya tsaya ta ɗauki hoton kogi. Ya ce da ni, “Kin gani ko? Kullum haka. Wannan kogi, wancan saniya. Watan jiya wani tsoho sau uku ya tsayar da ni a kan tsuntsu. Tsuntsu fa! Ya fito da kai ta taga yana fito kamar butar shayi.”

Goggo, sai da na riƙe ƙarfen gada. Ban taɓa yi wa Bardok magana ba in ba “ga wasiƙa” ba. Na ce, “Kawu Bardok, gashinsa fari?” Bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin da nake kiran Zef. Har matan suka juyo.

Ya ce, “Au, ashe kina da murya? Fari fat. Da madubi a wuya. A nan gadar na ɗauke shi da sassafe, na sauke shi a tashar birni, ya sayi ayaba ya hau babbar mota.”

Na ce, “Shi ake nema wata guda!”

Ya ce, “Ku kuka ce wanda ya hau tsauni ya ɓata. Ni nawa sauka ya yi. Kuma wa ya tambaye ni? Kakanki ko gaisuwata ba ya amsawa.”

Na roƙe shi ya zo gida. Ya ce yana da fasinja. Na tsaya a gaban motar. Ban san ni ce na yi ba sai da na ga hancinta a gabana. Ya kashe inji yana zagin ranar da ya koyi tuƙi, ya biyo ni.

Kaka na bakin murhu. Bardok ya cire hula ya faɗi labarin duka, har da ayabar. Kaka ya yi masa tambayoyi kamar alƙali: wace rana, wace irin jaka, da wane hannu yake riƙe madubi. Sannan ya ce, “Mutumin ya zana mini tsauni da kibiya. Me ya sa zai sauka?”

Bardok ya ce, “Oho. Ya dai yi ta nuna ƙafarsa yana nuna gidanku, yana cewa yarinya, yarinya. Kalmar ke nan da ya iya a harshenmu. Na ɗauka ƙafar ke masa ciwo, na ba shi ƙwaya.”

Mama ta ajiye ludayi.

A nan na faɗa. Na ce, “Kaka, ba barci nake yi ba. Na gan shi yana fita, na ƙi sauka.” A ƙasa nake kallo, ban san yadda fuskarsa ta yi ba.

Ya ce, “Cire takalminki.”

Na cire. Safar ta manne, sai da Mama ta kawo ruwa. Farce biyu sun fita tun Yuli, ban gaya miki ba. Ya sa na ɗora ƙafar a kan gwiwarsa mai ciwon. Ya daɗe yana kallo, kamar yadda tsohon ya yi. Bardok ya juya yana karanta kalandar bango, ta bara ce ma.

Kaka ya ce, “Baƙo ya kwana ɗaya ya gani. Ni ina gidan.”

Bai ce mini komai ba a kan abin da na faɗa, har yau.

Ya tashi ya ɗauki sandarsa, ya ce Bardok ya wuce gaba. Muka tafi gada a hankali, matan nan biyu na zaune a mota suna cin tuffa. Ya sa Bardok ya tsallaka can gefe, shi ya tsaya a namu. Ya ɗaga murya ya ce, “Bardok, ga baƙona!”

Bardok ya ce, “Haba Baba Marash, mutumin yana ƙasarsu yana shan shayi!”

Kaka ya ce, “Da baki. In ka taɓa hon ɗin nan sai na cire shi na jefa a kogi.”

Bardok ya ce, “Na karɓa! Na karɓa tun wata guda!”

Da muka dawo ya ɗaga kofinsa, Mama ta zuba masa gahawa. Ya yi aski da yamma. Amma maganar makaranta bai ɗaga ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Jiya baƙi takwas suka zo, gobe biyar za su tsallaka. Sai ƙanƙara ta sauka za su daina, wata ɗaya da rabi ke nan. In na tafi ban san wa zai hau ba. Na gaji da tunanin ma.

Sauran kwana goma. Allah ya bar mana ke.

’Yarki,
Mrika

*

Kwari, 9 ga Satumba

A yabi sunan Yesu Almasihu.

Daga Marash zuwa ga ’yarsa Tereze, da fatan lafiya.

Zef ya ara mini alfadarinsa har ƙanƙara ta sauka. Mugun hali gare shi, amma gwiwarsa ta fi tawa. Masu tsallaka tsauni ni zan kai su.

Ranar Asabar ki shigo motar Bardok, ki sauka a gada, ki tsaya can gefe. Kada ki tsallako. Ina da wadda zan miƙa miki. Ta ci burodin gidan nan shekara goma sha biyar. Zan kira sunanki, ki amsa da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi.

Ki zo da takalmi mai taushi, lamba talatin da bakwai.

Ubanki,
Marash

Goggo, ya ce kada in ƙara komai a ƙasa. Talatin da takwas ne.